Tambaya da Amsa: Jajayen Taragun Los Angeles, Yadda Suka Zo da Yadda Suka Tafi

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duk sun taru ne a kan batu ɗaya, wato tarihin layin taragun lantarki da ya taɓa haɗa birnin Los Angeles na ƙasar Amurka da garuruwan da ke kewaye da shi. Mun taƙaita tambayoyin domin amsoshin su sami fili.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na ji ana cewa birnin Los Angeles, wanda a yau aka fi saninsa da cunkoson motoci, ya taɓa mallakar layin jirgin ƙasa na lantarki mafi girma a duniya. Shin gaskiya ne? Idan gaskiya ne, wa ya gina shi, kuma da wace manufa? *Daga wani mai karatu.*

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji gaskiya ne. Sunan kamfanin Pacific Electric Railway, amma mutanen kudancin jihar Kalifoniya sun fi kiran jiragensa da jajayen taragu saboda jan fentin da aka yi musu. A shekarun 1920, lokacin da kamfanin yake kan ganiyarsa, tsawon layukansa ya zarce mil 1,000, wato kimanin kilomita 1,600, kuma mutum yana iya hawa daga tsakiyar Los Angeles ya sauka a Pasadena, ko Glendale, ko Santa Monica da Long Beach a bakin teku, ko ya nausa gabas har San Bernardino da Riverside, duk a kan dogon kamfani ɗaya.

Kafin zuwan lantarki, dawakai ne suke jan taragu a titunan biranen Amurka da Turai, kuma saurin doki shi ne yake yanke iyakar nisan da ma'aikaci zai iya zama daga wurin aikinsa. A 1881 kamfanin Siemens ya buɗe layin taragon lantarki a Lichterfelde, wata unguwa a wajen birnin Barlin na ƙasar Jamus. A 1888 kuma wani injiniya mai suna Frank Sprague ya kafa cikakken tsari a birnin Richmond na jihar Virginia, inda ya nuna cewa taragu masu yawa za su iya tafiya a lokaci guda, su kuma hau tudu, da wutar da suke ɗauka daga wayar da ke sama. Daga nan ne biranen Amurka suka shiga sallamar dawakai ɗaya bayan ɗaya. A kudancin Kalifoniya, Moses Sherman da Eli Clark ne suka buɗe layin lantarki tsakanin Los Angeles da Pasadena a 1895.

Wanda ya mayar da abin gagarumi shi ne Henry Huntington. Baffansa, Collis Huntington, yana cikin manyan masu kamfanin jirgin ƙasa na Southern Pacific, kuma da ya rasu a 1900 Henry ya gaji dukiya mai yawa, sai dai shugabancin kamfanin bai faɗo hannunsa ba. Saboda haka ya sayar da hannun jarinsa, ya karkata dukiyarsa zuwa Los Angeles, inda tun 1898 shi da abokan kasuwancinsa suka riga suka sayi kamfanin taragun cikin gari mai suna Los Angeles Railway. A 1901 ya kafa Pacific Electric tare da wani ma'abucin banki, Isaias Hellman, kuma ranar 4 ga Yuli, 1902, aka buɗe layin Long Beach mai tsawon kusan mil 20.

Kan batun manufa kuwa, nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi nazari, domin duk abin da ya sami layin daga baya yana da tushe a nan. Kasuwancin Huntington ya tsaya ne a kan abubuwa uku kamar duwatsun murhu: kamfanin jirgi, da kamfanin filaye mai suna Huntington Land and Improvement Company, da kamfanin wuta mai suna Pacific Light and Power. Yakan sayi gonaki da makiyaya a wajen gari tun suna da araha, sannan ya shimfiɗa dogo ya ratsa su, sannan ya yanka su ƙanana ya sayar wa masu son gina gidaje da farashin da ya ninka, sannan kuma ya sayar wa gidajen wuta. Fili wanda jiya babu mai waiwayarsa yakan zama abin rububi da zarar an ji cewa jan tarago zai bi ta wurin. Haka ta faru a Redondo Beach a 1905, lokacin da labarin shigar Huntington garin ya sa farashin filaye ya yi tashin gwauron zabi cikin 'yan kwanaki. Wani ƙaramin gari a bakin teku mai suna Pacific City ma ya sauya sunansa zuwa Huntington Beach a 1904, shekarar da layin ya iso shi.

Abin da wannan yake nufi shi ne, an shimfiɗa layuka da yawa zuwa wuraren da babu isassun fasinjojin da kuɗin tikitinsu zai riƙe jirgin, kuma hakan bai dami mai kamfanin ba muddin ribar filaye tana shigowa. Abokan jarinsa, waɗanda suke jiran rabon riba daga jirgin kansa, su ne suka fara gajiya. A 1910 Huntington ya miƙa wa Southern Pacific hannun jarinsa a Pacific Electric, shi kuma ya riƙe taragun cikin gari masu launin rawaya. A 1911 sabon mai shi ya haɗe kamfanonin lantarki da dama na yankin a ƙarƙashin sunan Pacific Electric. Daga wannan lokaci layin ya koma hannun kamfanin da ya fi damuwa da dakon kaya, irin su lemo da man fetur, fiye da ɗaukar mutane, kuma ba shi da filayen da zai sayar ya cike giɓin da fasinja yake bari.

Bai kamata a rufe wannan amsa ba tare da ambaton waɗanda suka shimfiɗa dogon da hannunsu ba. Da yawansu leburori ne 'yan asalin Meziko, waɗanda ake biyansu ƙasa da sauran ma'aikata. A 1903 sun shiga yajin aiki suna neman ƙarin albashi, Huntington kuwa, wanda ya yi suna wajen ƙin ƙungiyoyin ƙwadago, ya maye gurbinsu da wasu. Birnin da yake da mutane kusan 100,000 a 1900 ya haura miliyan ɗaya a 1930, kuma ya bazu ne yana bin layukan da waɗannan leburori suka shimfiɗa.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce, kuma ina so in fahimci yadda waɗannan taragu suke tafiya ba tare da kan jirgi yana jansu ba. Mene ne bambancinsu da jirgin ƙasan da muka saba gani? *Daga wata mai karatu.*

Amsa: Malama, Allah ya ƙara basira. Bambancin farko shi ne kowane tarago yana ɗauke da injinansa na lantarki a ƙarƙashinsa, kusa da ƙafafunsa, saboda haka yana iya tafiya shi kaɗai, ko a haɗa biyu ko uku direba ɗaya ya sarrafa su daga gaba. A saman layin akwai wayar tagulla da aka rataye a jikin falwayoyi. A rufin taragon kuma akwai doguwar sandar ƙarfe wadda wani murɗaɗɗen ƙarfe yake tura ta sama, a bakinta akwai ƙaramin gargare da yake birgima a jikin wayar yana ɗebo wuta. Wutar takan sauko ta shiga injinan, sannan ta fita ta ƙafafun taragon ta koma tasha ta cikin dogon kansa, wato dogon shi ne waya ta biyu. Yawancin layukan Pacific Electric suna aiki da ƙarfin wuta na bolt 600, ban da layin San Bernardino mai nisa wanda aka yi wa bolt 1,200. Da yake irin wannan wuta tana raunana idan ta yi tafiya mai nisa, sai da aka gina ƙananan tashoshin wuta a gefen layi, tazara bayan tazara. Idan sandar ta zame daga wayar, taragon yakan tsaya cak, har sai kwandasta ya sauka ya ja igiyar da ke bayanta ya mayar da ita.

Bambanci na biyu yana cikin hanyar da suke bi. A wajen gari taragun suna da hanyarsu ta kansu, inda suke gudu sosai, har ma akwai wurin da aka jera layuka huɗu tsakanin Los Angeles da unguwar Watts domin masu sauri su wuce masu tsayawa a kowace tasha. Amma da sun shigo cikin gari sai su hau titi ɗaya da masu tafiya a ƙasa da kekunan doki, daga baya kuma da motoci. Ki riƙe wannan, domin zai sake fitowa a amsa ta gaba.

Tambaya: Ranka ya daɗe, na sha karantawa cewa kamfanonin motoci da na man fetur ne suka haɗa baki suka sayi layin suka kashe shi da gangan domin mutane su koma sayen mota. Wasu kuma suna cewa wannan tatsuniya ce. Ina gaskiyar take? *Daga wani malamin makaranta.*

Amsa: Malam, kowane ɓangare yana riƙe da wani yanki na gaskiya, kuma zan fara da yankin da kotu ta tabbatar. Akwai wani kamfani mai suna National City Lines wanda ya riƙa sayen kamfanonin sufuri a biranen Amurka tun daga ƙarshen shekarun 1930, kuma cikin masu zuba masa jari akwai General Motors mai ƙera motoci, da Firestone mai yin tayoyi, da Standard Oil na Kalifoniya, da Phillips Petroleum, da Mack mai ƙera manyan motoci. A garuruwa da yawa ya cire taragu ya sa motocin bas. A 1949 wata kotun tarayya a Chicago ta sami waɗannan kamfanoni da laifin haɗa baki domin mamaye cinikin bas da kayayyakinsu ga kamfanonin da National City Lines ya mallaka. Tarar da aka ci kamfanonin ita ce dala 5,000, manyan jami'ansu kuwa dala 1, hukuncin da a ganina bai yi daidai da girman laifin ba ko kaɗan. Sai dai kotun ta wanke su daga ɗaya tuhumar, wato ta haɗa baki domin mamaye harkar sufurin kanta. A 1974 wani lauya mai suna Bradford Snell ya sake tayar da maganar a gaban wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka, kuma daga nan ne labarin ya yaɗu a sigar da ka karanta.

Abin da labarin yake tsallakewa shi ne, National City Lines bai taɓa mallakar jajayen taragu ba. Abin da ya saya a Los Angeles a tsakiyar shekarun 1940 shi ne taragun rawaya na cikin gari. Harkar fasinja ta Pacific Electric ta ci gaba da zama a hannun Southern Pacific har 1953, kuma tun kafin nan kamfanin da kansa ya riga ya rufe layuka da yawa ya sa bas a madadinsu.

Rashin lafiyar layin ta fara ne tun da wuri. A 1914 masu motoci a Los Angeles suka fara ɗaukar fasinja a kan sisin Amurka biyar, suna bin hanyar taragu suna kwashe masu jira a tasha. An daƙile su da dokoki, amma motocin gida sun ci gaba da ƙaruwa a kudancin Kalifoniya fiye da yawancin sassan ƙasar, kuma abin takaici shi ne tsarin garin da layin ya haifar, na gidaje ɗaiɗai a warwatse kowanne da farfajiyarsa, ya fi dacewa da mota fiye da jirgi. Da farko mutane sun yi gini kusa da tasha, amma da mota ta samu sai aka cike filayen da ke tsakanin layuka, inda tarago ba ya zuwa. Kowane sabon titi da ya ratsa dogo ya zama sabuwar mahaɗa wadda dole direban tarago ya rage gudu a kanta, a cikin gari kuwa tarago ba ya iya kauce wa motar da ta tare masa hanya. Tafiya ta ƙara tsawo, fasinja ya ragu, kuɗin shiga ya ragu, kamfanin ya rage gyara da sayen sababbin taragu, wanda hakan ya ƙara korar fasinja. A gefe guda hukumar jihar ce take yanke kuɗin tikiti, kuma duk neman ƙari yakan gamu da fushin jama'a, waɗanda dama suna kallon Southern Pacific a matsayin azzalumin kamfani da ya daɗe yana juya siyasar jihar.

An sami damar ceto layin, kuma a ganina nan ne ainihin inda aka yi sake. Maganin cunkoso sananne ne: a raba tarago da titi, ko a ɗaga shi sama ko a nutsar da shi ƙasa. A 1925 kamfanin ya buɗe hanyar ƙarƙashin ƙasa mai tsawon kusan mil ɗaya domin taragun Hollywood da Glendale, kuma ta rage lokacin tafiya. A wannan shekara ce kuma wani kamfanin injiniyoyi na Chicago ya miƙa wa birnin cikakken tsarin layukan sama da na ƙasa. A 1926 aka kai maganar gaban masu jefa ƙuri'a ta wata fuska, inda kamfanonin jiragen ƙasa suka kawo shawarar gina layukan sama a tsakiyar gari, jaridar Los Angeles Times kuma ta yaƙi shawarar tana cewa za su duhunta tituna su cika gari da ƙara. Jama'a suka zaɓi a gina babbar tashar jiragen ƙasa guda ɗaya, wadda aka buɗe a 1939, maganar layukan sama kuwa ta mutu.

Daga nan kuɗin gwamnati ya bi titi. A 1940 aka buɗe babbar hanyar mota tsakanin Los Angeles da Pasadena, a 1947 majalisar jihar ta ƙara harajin man fetur domin gina manyan hanyoyi, a 1956 kuma gwamnatin tarayya ta shigo da nata gagarumin shirin. Mai mota yana tafiya a kan hanyar da aka gina da haraji, alhali kamfanin tarago shi yake gina dogonsa, ya gyara shi, ya biya haraji a kansa. Yaƙin Duniya na Biyu ya dawo da fasinjoji na ɗan lokaci saboda ƙarancin mai da taya da kuma yawan ma'aikatan masana'antun jiragen ruwa da na sama, amma ya bar taragun da dogon a gajiye. Ko a mashigar Cahuenga da ke tsakanin tsaunuka kusa da Hollywood, inda aka bar wa tarago layi a tsakiyar sabuwar hanyar mota, an cire shi a 1952 domin a ƙara wa motoci fili.

A 1953 aka sayar da harkar fasinja ga Metropolitan Coach Lines, kamfanin da bai ɓoye niyyarsa ta komawa bas ba. Hanyar ƙarƙashin ƙasa ta rufe a 1955. A 1958 wata hukumar gwamnati ta karɓi abin da ya rage, kuma ita ce, ba wani kamfanin mota ba, ta rufe layi na ƙarshe, wato na Long Beach, a watan Afrilu na 1961. Taragun rawaya sun bi bayansa a 1963. Saboda haka, Malam, haɗin bakin ya faru kuma ya cancanci zargi, amma jingina komai a kansa yana sauke nauyi daga wuyan masu mulki da masu jefa ƙuri'a, waɗanda shekara da shekaru suka ƙi yarda a kashe kuɗin jama'a a kan layin da jama'a suke hawa.

Tambaya: Malam, to wa ya fi cutuwa da rufe layin, kuma akwai abin da ya rage daga cikinsa a yau? *Daga wani mai karatu.*

Amsa: Malam, wanda ya fi cutuwa shi ne wanda ba shi da mota. Unguwar Watts misali ce a fili. Ta girma ne a matsayin mahaɗar layuka, kuma mazaunanta, waɗanda yawancinsu baƙaƙen fata ne a wancan lokaci, suna dogara da layin Long Beach wajen zuwa aiki. Bayan tarzomar da ta ɓarke a unguwar a 1965, kwamitin binciken da gwamnan jihar ya kafa a ƙarƙashin John McCone ya ambaci rashin isasshen sufuri da tsadarsa cikin abubuwan da suka killace mutanen yankin, suka nisanta su da guraben aiki da asibitoci. Shekara huɗu ke nan kacal da tsayawar jan tarago na ƙarshe.

Taragun kansu an sare yawancinsu an sayar da ƙarfen, kuma hotunansu a jibge bisa juna a filin 'yan gwangwan na tsibirin Terminal sun shahara. An sayar da wasu ga ƙasar Ajantina, inda suka ci gaba da ɗaukar fasinja a kewayen birnin Buenos Aires, wasu kuma suna gidan adana kayan tarihin jiragen ƙasa da ke garin Perris a Kalifoniya. Babban ginin kamfanin da aka buɗe a 1905 a mahaɗar titin Sixth da Main yana nan, an mayar da shi gidajen zama, tsohuwar tashar Watts ita ma tana nan tsaye.

Abu mafi daraja da ya rage shi ne filin da dogon ya bi. Inda aka ci gaba da dakon kaya bayan tafiyar fasinja, filin ya tsira a dunƙule, inda kuma aka sayar da shi gunduwa-gunduwa ko aka shafe shi da kwalta, dawo da shi ya zama abu mai wuya da tsada. A 1980 masu jefa ƙuri'a na gundumar Los Angeles suka amince da ƙarin rabin sisi a kan kowace dala ta harajin saye domin sufuri, kuma da wannan kuɗi aka gina sabon layin lantarki zuwa Long Beach, wanda aka buɗe a watan Yuli na 1990 a kan mafi yawan tsohuwar hanyar. Layin Expo, wanda aka buɗe a 2012 aka kuma kai shi Santa Monica a 2016, shi ma ya bi wata tsohuwar hanyar Pacific Electric. Waɗannan sababbin layuka mallakar hukumar sufuri ta gundumar ne, haraji ne yake ɗaukar mafi yawan nauyinsu, kuma ko an haɗa su duka tsawonsu bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da jajayen taragu suke ratsawa a shekarun 1920 ba.